Ƙuncin da Na'ura ta Gani

"Ka tafi, Ayuba... Don girman Allah ka tafi, kada ta farka ta ji muryarka."

Celina ce ke magana, tana tsaye a bakin ƙofar ɗakinta a Sabon Tasha. Hannu ɗaya ta tokare ƙofar da shi, ɗayan kuma tana miƙa masa zoben da ya sa mata ranar Ista. Ana yayyafi. Ayuba ya taso ke nan daga kamfanin haɗa motoci na Kakuri, ko rigar aiki bai cire ba, ga ledar lemo a hannunsa wadda ya saba kawo wa 'yarta Irene.

Ya dubi zoben, ya dube ta.

"Celi, wasa kike yi?"

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

"To me na yi? Jiya-jiyan nan muka rabu lafiya..."

"Ba ka yi komai ba." Ta ƙara miƙa masa zoben. "Ni ce na yi. Ni ce na manta cewa ni uwa ce."

"Ban gane ba."

"An kai Irene asibiti yau. An ɗora mata na'urar nan mai nuna zuciya. Likita ta ce..." Ta waiga cikin ɗakin. "Ta ce ƙuncin zuciya ke damunta."

"Ƙuncin zuciya? Yarinya 'yar shekara huɗu?"

"Ka tuna mana! Yaushe ta daina wasa da yara? Yaushe ta fara zama ita kaɗai a gindin mangwaro tana haki? Ba tun da ka fara zuwa gidan nan ba? Ba ta iya faɗa da baki ba, Ayuba, shi ya sa abin yake cin ta a ciki. Ba ta son wani a wurin babanta!"

"Masoyiyata, tsaya. Wace irin na'ura ce ke ganin baƙin ciki?"

"Au, yanzu ka fi likita sani?"

"Ban ce ba. Ke kika ji da kunnenki?"

"Ina wurin aiki. Mama ce ta kai ta."

"Mama..." Ya faɗa a hankali.

"Kada ka soma! Matar nan ta riƙe ni lokacin da ban da kowa."

Ta kama hannunsa, ta danna masa zoben a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai. Hannun nasa da ɗumi, shi ya sa ta yi saurin saki. Ayuba ya sunkuya ya ajiye ledar lemon a kan dokin ƙofa, ya tura babur ɗinsa har bakin titi ba tare da ya tayar ba, don kada ƙarar ta tashi yarinyar.

Wannan turin babur ɗin shi ya ƙarasa Celina. Ta zame a bayan ƙyaure tana kuka, ta toshe baki da gefen zaninta.

Duk wanda ya san Celina ya san ba ta cika kuka ba. Irene tana wata uku a duniya mijinta Benson ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kachiya. Mahaifiyarsa, Mama Saratu, ta taso daga ƙauyensu na wajen Zonkwa don zaman jego, sai zaman jego ya koma zaman makoki, daga nan kuma ba ta sake komawa ba. Celina ta sami aiki a masaƙa, tana fita tun da duku-duku, tsohuwar tana rainon yarinya. Kwano ɗaya suke ci. Mutanen unguwa da yawa sun ɗauka uwa da 'ya ne.

Sai ga Ayuba. A ƙungiyar mawaƙan coci suka haɗu, shi mai kaurin murya a layin baya, wanda kullum yake shiga waƙa kafin lokaci. Tun tana yi masa dariya har ta fara jiran kuskuren nasa. Bai taɓa aure ba, kuma 'yan matan coci sun gaji da yi masa fari da ido. Da ya tashi so, sai ya tsallake su duka ya zo wurin mai 'ya. Mama Saratu ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce e ba. In ya gaishe ta takan amsa, amma idonta yana kan tsintar shinkafa.

A daminar 1986 ne Irene ta fara canzawa. Da ta ɗan yi gudu sai ta tsaya ta dafa gwiwa. Ta daina bin yara zuwa famfo. Da aka kai ta asibitin mishan na Kakuri saboda tari, nas ta ɗora mata abin sauraro a ƙirji, ta daɗe tana ji, sannan ta ce akwai wata ƙara da ba ta gane ba, a kawo ta ranar Talata wurin Sista Likita. A lokacin asibitin bai daɗe da samun wata na'ura daga Turai ba, wadda mutane suke kira talabijin ɗin zuciya. Ranar Talata kuwa Celina tana aikin safe, kuma a masaƙa ba a wasa da fashi. Shi ya sa Mama Saratu ta goya jikarta ta tafi.

Da ta dawo, ko ɗankwali ba ta kwance ba ta zaunar da Celina.

"Baturiyar nan da Hausa ta yi mini magana, babu tafinta. Ta nuna mini da yatsa a cikin talabijin. Ta ce, 'Mama, akwai ƙunci a zuciyar yarinyar nan.' Har sau biyu ta faɗa. Sannan ta ce, 'Ina uwarta? Dole in ga uwarta.' Ke kin san abin da take nufi, Celina. Ni ban ce komai ba."

Ai ba sai ta ce ba. Celina ta riga ta yanke wa kanta hukunci tun kafin tsohuwar ta rufe baki.

Duk da haka tambayar Ayuba ta ƙi barin ta. Wace irin na'ura ce ke ganin baƙin ciki? Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, sai ta tare Christy, wata ma'aikaciyar ɗakin yara a asibitin, wadda su ma suke waƙa tare.

"Christy, don Allah, kina wurin ranar da aka duba Irene?"

"Ina wurin mana, Maman Irene. Ni ma na riƙe ƙafafunta."

"Da gaske likita ta ce ƙunci?"

Christy ta gyara zaman jakarta a kafaɗa.

"Haka ta ce. Da bakinta."

"Ƙuncin zuciya dai?"

"To, me kike so in ce? Yara suna ji a jikinsu fa, 'yar'uwa. Abeg, don Allah ki bi a hankali, kada ki yi abin da za ki zo kina kuka."

Ba ta yi ƙarya ba, ai. Ta dai faɗi rabin da ya yi mata daɗi, ta haɗiye sauran. Christy ta daɗe tana dafa wa Ayuba abinci a zuciyarta, kowa a layin mata na mawaƙan ya sani, ban da Celina. Kafin wata Lahadin, har a taron Zumuntar Mata ta coci ana cewa na'urar Turawa ta tona asirin bazawara mai rawar kai.

Celina ta daina zuwa koyon waƙa. Ta koma daga masaƙa sai gida, daga gida sai masaƙa. Kullum da yamma takan zaunar da Irene a cinya, tana shafa kanta.

"'Yar Mama, kin ga mu biyu ne kawai yanzu, da Kaka. Babu mai raba mu. Kin ji daɗi?"

Irene takan ɗaga manyan idanunta ta ce, "Ina Ankul Ayuba?"

"Ya tafi."

"Yaushe zai dawo?"

"Kin gani ko?" in ji Mama Saratu daga bakin murhu. "Har yanzu fargabar dawowarsa take."

Celina ta so ta yarda da hakan, don in ba ta yarda ba, to me ta yi wa kanta ke nan? Amma makonni suna ta wucewa, yarinya ba ta warware ba. Ƙara lafewa ma take. Abinci sai an yi da gaske, tafiya daga ɗaki zuwa bakin ƙofar gida sai ta huta a hanya. An cire ƙayar, in ji su, ga shi ƙafar tana ƙara kumbura.

Wata ranar Juma'a kuma, Celina tana cikin bas a mahaɗar unguwar Telebijin, ruwa yana zuba, ta hango babur ɗin da ta fi sani a duniya. Ayuba ne. A bayansa Christy ce, ta rufa da leda, ta kama rigarsa da hannu biyu tana ta zuba masa surutu a kunne. Celina ta kawar da kai. Ita ta kore shi, ba ta da bakin magana. Amma ranar ta san cewa kishi ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Har ta isa gida ƙirjinta yana zafi.

Washegari da hantsi abin ya faru. Kazar maƙwabta ta shigo da 'ya'yanta, Irene ta gani, ta manta da jikinta, ta tashi da gudu tana dariya za ta kama ɗan tsako. Ko tsakiyar gida ba ta kai ba ta yanke jiki ta faɗi.

"Yesu! Irene! Irene!"

Leɓɓanta sun yi fari fat. Celina ta sure ta, ba takalmi, ta yi titi. Mama Saratu tana biye tana kiran sunan Benson kamar yana kusa. Kafin bas ya kai su Kakuri yarinyar ta farfaɗo, tana numfashi sama-sama a kafaɗar uwarta.

Sista Likita tsohuwar Baturiya ce, 'yar siririya, mai gilashi a kan hanci. Ta fi shekara talatin a ƙasar nan, kuma a cikin Littafi Mai Tsarki ta koyi Hausarta. Tana ji da wannan Hausa ƙwarai, ko kusa ba ta yarda a yi mata tafinta. Tana ganin Mama Saratu ta gane ta.

"Mama! Ina kuka shiga? Na ce ku komo bayan mako biyu. Na ce ku zo da uwarta!"

"Ni ce uwarta, Sista." Celina ta matso, hawaye yana zuba. "Na ji saƙonki. Wallahi na yi abin da ya kamata. Na rabu da shi tun ranar."

"Kin rabu da wane?"

"Da mutumin da zan aura."

Likitar ta sauke gilashinta.

"Don me?"

"Ke kika ce tana da ƙuncin zuciya. Saboda shi ne. Na kore shi, amma ba ta samu sauƙi ba... Sista, me kuma zan bari? Ki faɗa mini, zan bari!"

Sista Likita ta dubi Celina, ta dubi tsohuwar, sannan ta laluba kujera ta zauna kamar wadda aka zare wa laka.

"Ya Ubangiji," ta ce a hankali. "Hausata..."

Ta jawo hannun Celina ta zaunar da ita kusa.

"'Yata, ki ji ni da kyau. Ba baƙin ciki nake nufi ba. A cikin zuciya akwai ƙofofi na nama, suna buɗewa jini ya wuce, su rufe. Ƙofar da jini ke bi zuwa huhu, tata ƙarama ce, ta matse, ba ta buɗewa duka. Kamar ƙyauren katako da ya sha ruwan damina. Shi ne na ce ƙunci. Wuri ne ya ƙuntata, ba rai ba."

"Ba... ba don Ayuba ba ne?"

"Da shi aka haife ta. Tun tana cikinki. Tana jaririya ƙofar ta ishe ta. Yanzu ta girma, jikinta yana neman jini da yawa, ƙofar kuwa tana nan yadda take. Ko an yi mutumin nan ko ba a yi shi ba, bana ne za ta fara gajiya."

Celina ta dubi 'yarta. Daɗi ne ya fara zuwa, don ba ita ta cuci 'yarta ba. Tsoro ya biyo baya, don ciwon na gaske ne, kuma sun zauna a gida suna yi masa maganin da ba nasa ba. Sannan fuskar Ayuba ta faɗo mata, yana tura babur a cikin yayyafi.

Likitar ta waiga wajen ƙofa, inda Christy take tsaye da tire a hannu.

"Christy, kina nan ranar. Kin ji ni. Me ya hana ki gyara mini?"

Christy ta sunkuyar da kai tana kallon tiren, kamar a cikinsa aka rubuta amsar. Celina ta dube ta sau ɗaya tak, ta ɗauke ido. Ba ta da lokacinta yau.

"Rannan ban gama aunawa ba," in ji Sista Likita tana miƙewa. "Yarinyar ta yi ta kuka, hoton yana rawa. Dole in san iyakar matsewar, don a kanta za a san abin yi. Maganin barci kuwa ba zan ba ta ba yau, bayan wannan suma. Sai ta kwanta shiru da kanta."

Aka shiga ɗakin na'ura. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai duhu, an ja labule, ga akwatin yana ƙugi. Irene tana ganin gadon ta tuna da shi. Ta ƙanƙame wuyan uwarta ta callara ƙara. Aka yi lallashi, aka yi alkawarin biskit, Mama Saratu ta yi mata waƙar ƙauye, duk a banza. Da an ɗora mata abin a ƙirji sai ta banƙare, numfashinta yana ƙara sama.

"A dakata," in ji likitar. "Kukan nan ma haɗari ne gare ta."

Cikin shessheƙa Irene ta ce, "Ankul... Ina son Ankul Ayuba..."

Celina ta dubi surukarta. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta miƙa hannu ta karɓi yarinyar. Ta cire silifas ɗinta ta tura wa Celina da ƙafa.

"Sa ki tafi. Ba nisa."

A bakin ƙofar kamfani mai gadi ya ce sai an busa hutun rana, don ranar Asabar ɗin ana aikin ƙari. Ta tsaya a rana cikin silifas ɗin da ya yi mata kaɗan, tana shirya maganar da za ta faɗa. Da aka busa, ya fito cikin ayarin masu shuɗiyar riga, duk maganar ta gudu. Ya rame. Shi ma da ya gan ta sai ya tsaya cak.

"Maman Irene," ya ce.

Bai taɓa kiran ta haka ba. Ta ji sunan har cikin ƙashinta.

"Ayuba, Irene tana asibiti. Ta suma ɗazu. Ba baƙin ciki ba ne... wata ƙofa ce a zuciyarta ta matse, da ita aka haife ta. Kai ka tambaye ni, na ƙi ji. Ta ƙi kwanciya a duba ta. Sunanka take kira."

Fuskarsa ta canza nan take, har ya juya wajen da ake ajiye babura. Sai kuma ya tsaya, bai waigo ba.

"Don ita zan je, ko ba ki roƙe ni ba. Amma ki faɗa mini abu ɗaya. In an gama, in sake turo babur ɗina in tafi?"

"A'a..."

"Kin san yadda na yi kwanakin nan, Celina? Ko tambaya ba ki yarda mu je mu yi tare ba. Kin yanke mini hukunci a bakin ƙofa kamar ɓarawon kaza."

"Na sani. Tsoro ne. Da aka ce 'yata, sai na daina gani." Ta share ido da bayan hannu. "Don ita na zo, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma tun kafin in san gaskiya nake son zuwa. Kullum. Jiya da na gan ka da Christy, ban yi barci ba."

Ya waigo, ya ɗaga gira.

"Christy? Ruwa ake yi, ta tare ni, na rage mata hanya. Har na sauke ta ban san me take cewa ba."

"Ta riƙe maka riga da hannu biyu."

"Au, har hannayen kika ƙirga?" Murmushi ya kusa ƙwace masa, ya danne. "Hau mu tafi, Celi. Sauran faɗan sai an duba yarinya. Ban gama ba fa."

Da suka shiga ɗakin na'ura, Irene ta miƙa masa hannu biyu tana sabon kuka, irin na shagwaɓa. Ya ɗauke ta da baƙin man da ke hannunsa da komai.

"Kai, kai, kai! Wa ya taɓa mini Madam? To tsaya. Kin tuna wasan dutse?"

Ta gyaɗa kai tana jan hanci.

"Rannan ke kika ci, amma maguɗi kika yi. Yau sai na rama. Ke ki zama dutse a kan gado, ni in zama dutse a kan kujera. Wanda ya fara motsi, shi ne ƙwaɗo."

"Kai ne ƙwaɗo!"

"Za mu gani."

Celina ta tsaya sororo. Ba ta taɓa jin wannan wasa ba. Ashe duk lokacin da take kicin tana dafa masa abinci, su biyun suna da tasu duniyar. Ashe shi ya lura tun tuni cewa gudu yana wahalar da yarinyar, ya ƙirƙiro mata wasan da za ta iya ci.

Irene ta kwanta a gefen hagu, ta ƙura masa ido, ta ƙame. Shi ma ya ƙame, ya kumbura kumatu. Sista Likita ta shafa mata wani mai mai sanyi a ƙirji, ta ɗora wani abu kamar kan tocila, tana zagayawa da shi a hankali tsakanin haƙarƙari. Allon ya yi ta yayyafin fari da baƙi, can sai ga wani abu yana motsi, yana damƙewa yana saki.

"Ga ta nan," likitar ta ce ƙasa-ƙasa. "Zo ki gani, uwarta."

Celina ta matso. Zuciyar 'yarta ce, a fili, tana ta aiki ba hutu. Likitar ta nuna wasu siraran layuka biyu da ke ƙoƙarin rabuwa, su kumbura, su kasa, su koma.

"Ƙofar ke nan. Kin ga ba ta kai bango ba? Wannan ɓangaren kuma ya yi kauri, don shi ke ta turawa."

Ta murɗa wani maɓalli, sai ɗakin ya cika da ƙara, fuu, fuu, fuu, kamar ana zuga wuta a maƙera. Jinin ne ke matsawa ta ƙaramar hanya. Celina ta dafe bakinta. Duk wannan dambe ake yi a cikin ɗan ƙirjin nan, ita kuwa tana can tana tambayar yarinya ko ta ji daɗi.

Likitar ta daɗe tana aunawa, tana tsayar da hoton tana sake saki. Irene ko ƙifta ido da ƙyar take yi. Hawaye yana gangarowa a kumatun Ayuba, bai share ba, don dutse ba ya motsi.

"An gama," in ji Sista Likita.

"Ankul ya yi kuka! Shi ne ƙwaɗo!"

"Na yarda, Madam. Ni ne."

Likitar ta goge wa yarinyar ƙirji, sannan ta fuskance su. Wannan karon a hankali take zaɓen kalmominta, tana faɗa da Hausa tana maimaitawa da Turanci.

"Matsewar da yawa ce. Jira ba zai gyara ta ba. Sai an yi mata aiki an buɗe ƙofar, kuma ba a nan ba, a Inugu. Zan yi magana da likitocin can, su ba mu rana. Aiki ne babba, ba zan ɓoye muku ba. Amma na ga yara da yawa da aka yi wa, yau suna buga ƙwallo. Ku maimaita mini abin da na ce, don Allah. Na daina yarda da kaina."

Ayuba ya maimaita, Celina ta maimaita. Sai a lokacin suka lura Mama Saratu ba ta ɗakin.

A kan benci Celina ta same ta a baranda, ƙafa ba takalmi, ta zuba tagumi. Ta zauna kusa da ita.

"Ban ƙara ko kalma a kan maganar Baturiyar nan ba, Celina. Allah ne shaidata."

"Na sani, Mama."

"Amma da ta ce ƙunci, ban tsaya tambaya ba. Sai na ji kamar ni ta haska. Tun ranar da yaron nan ya fara zuwa nake jin abin a nan." Ta dafa ƙirjinta. "Na ce shi ke nan, za ta kira wani Baba, za ku tashi ku bar ni, sunan Benson ya ɓace. Ciwona ne na ɗauka na ɗora wa jikata. Da ta mutu fa?"

"Ba ta mutu ba. Ni ma ban tambaya ba, Mama. Mu biyu ne."

Tsohuwar ta fyace hanci da bakin zani, ta gyara zama, muryarta ta koma irin ta kullum.

"Shi zai raka ki Inugun?"

"Ban tambaye shi ba tukuna."

"Zai je. Na ga idonsa. To amma ba za ku shiga jirgi ɗaya ba aure ba, bakin matan Zumunta ya ishe ni haka. Gobe bayan coci ni zan je wurin Fada, limamin cocinmu, da kaina."

Haka kuwa aka yi. Aka yi sanarwa a coci, aka ɗaura aure ba wani taro, shinkafa tukunya biyu da 'yan waƙa. Da Fada ya tambayi wanda ke ba da amarya, Mama Saratu ce ta miƙe. Christy ba ta zo ba, ta aiko cewa tana aiki. Sauran faɗan da Ayuba ya yi alkawari kuwa, ya yi shi, amma bai kai ko'ina ba, don da ya fara sai amarya ta ce, "Ka yi haƙuri, mijina," sai ya manta inda ya tsaya.

Ranar tafiya, Mama Saratu ta hana kowa ɗaukar Irene. Ita ta goya ta tun daga gida har tashar jirgin ƙasa. Jirgi ya yi kuka, fasinjoji suna ta turereniya, ita tana tsaye ta ƙi kwance goyon. Sai da ma'aikaci ya fara rufe ƙofofi sannan tsohuwar ta sunkuya, ta kwance zanin, ta juyo da yarinyar gabanta. Ta wuce hannun Celina da ke miƙe, ta ɗora ta a ƙirjin Ayuba.

"Ita kaɗai Benson ya bar mini. Ka dawo mini da ita."

"Da yardar Allah, Mama. Zan dawo miki da su, su biyu."

Ta harare shi, idonta cike da ruwa.

"Wa ya ce maka biyu? Ku uku na bayar, ku uku nake jira."

Sun daɗe a Inugu, har aka fara shirin Kirsimeti. Ranar da jirginsu ya tsaya a Kaduna, Irene ce ta fara dirowa. Ta hango kakarta can ƙarshen dandamali, ta fizge hannunta daga na Ayuba, ta zuba da gudu.

"Kada ki gudu! Wayyo, ku riƙe ta!" Mama Saratu take ihu.

Celina ta kama hannun mijinta, tana dariya tana kuka.

"Bar ta, Mama!" ta ɗaga murya. "Likita ya ce a bar ta ta yi gudu!"